Ƙurajen Korona ko na Wata Cutar: Yaushe Za a Yi Jinya a Gida, Yaushe Za a Garzaya Asibiti?

A watan Afrilun 2020, lokacin da dokar kulle ta tsare mutane a gidajensu, wata maƙwabciyarmu ta ɓoye ɗanta ɗan shekara uku a ƙuryar ɗaki har kwana huɗu. Yaron yana fama da zazzaɓi da tari, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ga ƙuraje sun feso masa tun daga bayan kunne har ƙirji. Wani ya nuna mata a waya cewa korona ma tana fito da ƙuraje, sai tsoro ya kama ta kada a ɗauke mata ɗa a kai shi cibiyar killace masu cutar. Ranar da kakarsa ta leƙo, ta shafa bayansa da tafin hannu sau ɗaya, ta ɗaga masa fatar ido ta duba, sai ta ce: "Ke 'yar nan, baƙon dauro ne, maza ɗauko mayafinki." Ƙyanda ce kuwa, kuma a lokacin ta riga ta fara taɓa masa huhu. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma sai da ya yi kusan mako guda a gadon asibiti.

Tun daga ranar nake ganin cewa idan ƙuraje suka fito wa mai zazzaɓi a ƙasar nan, tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: wannan zai iya jiran wayewar gari, ko kuwa a daren nan za a nemi abin hawa? Sanin ko korona ce yana da amfani, amma yana zuwa ne a bayan wannan, domin mafi yawan ƙurajen da korona ke haddasawa suna bajewa da kansu, alhali cututtukan da suke kama da su a yankinmu wasu daga cikinsu ba sa ba mutum kwana biyu.

Ba a musun cewa korona tana taɓa fata, kuma likitoci sun lura da hakan tun da wuri. A watan Maris na 2020 wani likitan fata mai suna Sebastiano Recalcati, a asibitin garin Lecco da ke arewacin Italiya, ya duba majinyata 88 da aka kwantar da cutar, ya tarar 18 daga cikinsu suna da wata alama a fata, galibi jajayen ƙuraje a gangar jiki. Bayan wata guda likitocin fata na Sifaniya suka tattara bayanan mutum 375 daga sassan ƙasar, suka kasa abin da suka gani gida biyar, kuma har yau wannan rabon ne aka fi dogaro da shi. Kashi 47 cikin 100 ƙananan ƙuraje ne masu ɗan tudu haɗe da shimfiɗaɗɗen tabo, irin waɗanda ido zai ɗauka ƙyanda ce. Kashi 19 borin jini ne mai tsananin ƙaiƙayi. Wani kashi 19 ɗin kumburi ne da sauyin launi a yatsun ƙafa da na hannu, wanda 'yan jarida suka raɗa wa suna "yatsun korona". Kashi 9 ƙananan bororo ne masu ruwa kamar na ƙarambau. Sauran kashi 6 kuwa zane ne mai kama da raga a fatar ƙafafu, ko mutuwar wani yanki na fata, sakamakon toshewar ƙananan hanyoyin jini.

Kowane nau'i da lokacinsa da kuma irin mutanen da yake kamawa. Bororon yakan fito da wuri, wani lokaci tun kafin tari da zazzaɓi, kuma an fi ganinsa a jikin masu matsakaicin shekaru. Borin jini da ƙuraje masu kama da ƙyanda sukan zo tare da sauran alamun, su yi kamar mako guda su wuce. Kumburin yatsu yakan zo a makare, a jikin yara da matasan da cutar ba ta wahalar da su ba, ya yi kusan mako biyu. Zanen nan mai kama da raga shi ne abin tsoro, domin a jikin tsofaffin da cutar ta kwantar aka fi ganinsa.

Duk wanda ya dubi wannan rabo da kyau zai ga cewa kusan kowane nau'i yana da tagwai a cikin cututtukan da muka saba da su. Akwai kuma wani ƙidaya da ke ƙara jan hankali. Masu bincike a kwalejin King's ta Landan, waɗanda suka riƙa karɓar bayanan alamu daga dubun dubatar mutane ta manhajar waya, sun samu cewa kashi 8.8 cikin 100 na waɗanda gwaji ya tabbatar suna da cutar sun ba da rahoton ƙuraje, amma kashi 5.4 na waɗanda gwaji ya wanke su ma sun ba da irin wannan rahoton. Tazarar tana nan, sai dai ba ta kai a ga ƙurji a yanke hukunci ba. Bayan bayyanar nau'in korona mai suna Omicron a ƙarshen 2021 ma alamun fata sun ƙara raguwa.

Sai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Hotunan da ake yaɗawa a intanet kusan duka na farar fata ne. Wata likitar fata a Amurka, Jenna Lester, tare da abokan aikinta sun bi hotuna 130 da aka buga a mujallun likitoci a farkon annobar, suka tarar 120 na masu hasken fata ne, kuma babu ko ɗaya na baƙar fata sosai. Abin da littafi ya kira "ja" a jikin Bature, a jikinmu yakan bayyana ne da duhu-duhu, ko launin toka, ko shunayya, wani lokaci ma ido ba ya ganinsa sai hannu ya ji shi. Don haka kwatanta jikin yaro da hoton waya ɓata lokaci ne. A fito da shi hasken rana, a shafa fatar da yatsu, a duba cikin baki da cikin fatar ido da tafin hannu da tafin ƙafa, wuraren da launi ba ya ɓoye komai.

Ƙyanda ce ta fi cancantar a fara kawar da ita, musamman daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, lokacin da take yawo a unguwanni. Ita ƙyanda tana da tsari wanda ba ta cika saɓawa ba. Yaro yakan yi kwana uku zuwa huɗu yana zazzaɓi mai zafi da tari da majina, idanunsa su yi ja suna hawaye, ya riƙa gudun haske. Idan aka buɗe bakinsa aka duba cikin kumatu daura da turame, akan ga wasu fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri. Daga nan ƙurajen su fara daga goshi da bayan kunne, su gangaro wuya da ƙirji, su isa ƙafafu a cikin kamar kwana uku, idan an shafa a ji su kamar an watsa ƙwayar dauro ƙarƙashin fata, sannan daga baya su yi saɓa su bar duhun tabo. Ƙurajen korona masu kama da ita ba sa bin wannan hanya daga kai zuwa ƙafa. Sun fi tsayawa a ciki da baya da ƙirji, sun fi ƙaiƙayi, kuma manya suka fi kamawa. Katin rigakafi ma shaida ne: a Najeriya ana yin allurar ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15, kuma yaron da bai samu ko ɗaya ba ya kamata a ɗauka ƙyanda ce har sai ma'aikacin lafiya ya ce ba ita ba ce. Dalilin da ya sa wannan bambanci yake da nauyi shi ne, mai ƙyanda yana buƙatar a ba shi sinadarin bitamin A kwana biyu a jere domin kare idanunsa da rage haɗarin mutuwa, yana buƙatar a sa ido kan ciwon huhu da gudawa, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna kusa da shi, har 9 za su iya ɗauka. Har yanzu akwai gidajen da ake cewa ba a kai mai ƙyanda asibiti don kada allura ta mayar da ƙurajen ciki, ko a riƙa ɗiga masa jiƙe-jiƙe a ido. Wannan al'ada ta makantar da yara da dama, kuma ba ni da wani uzuri da zan yi mata.

A wajen manya kuwa, abin da na fi zargi idan na ji an ce "korona ta fito mini da ƙuraje" shi ne magani. Mai zazzaɓi a wurinmu ba ya zama haka nan. Kafin kwana uku ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ya sha na taifot, ya haɗa da kafso iri biyu daga kemis, wataƙila da jiƙo a kai. Ƙurajen da magani ke haddasawa sukan fito ne tsakanin kwana 4 zuwa 14 da fara shansa, daidai lokacin da mutum zai danganta su da cutar, kuma a ido ba su da maraba da na korona. Su kansu likitocin Sifaniyan sun yi gargaɗin cewa borin jini da ƙuraje masu kama da ƙyanda ba sa taimakawa sosai wajen gane cutar, saboda magani ma yana kawo su. Mu kuma muna da namu ƙarin. Maganin kulorokwin an daɗe da sanin yana jawo wa baƙar fata ƙaiƙayi mai hana barci, a tafin hannu da tafin ƙafa da duk jiki, ba tare da wani ƙurji na a zo a gani ba. A watan Maris na 2020, da aka yi ta yaɗa cewa yana maganin korona, mutane suka yi rububin sayensa, har hukumomin lafiya na Legas suka sanar da kwantar da waɗanda suka sha shi fiye da kima, kuma a watan Yunin shekarar babban gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin ba ya ceton majinyatan korona.

Mafi munin abin da magani ke yi wa fata shi ne cutar da likitoci ke kira Stevens-Johnson. Takan fara ne mako ɗaya zuwa uku bayan fara shan maganin, da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da raɗaɗin ido, abin da kowa zai ce mura ce ko korona. Sai fata ta fara zafi kamar an ƙona ta, leɓɓa su tsattsage su yi ɓawon jini, baki da ido da al'aura su yi gyambo, fata ta riƙa saluɓewa idan an taɓa. Magungunan da aka fi sani da wannan sun haɗa da masu sinadarin salfa irin su Septrin da Fansidar, da wasu magungunan farfaɗiya, da alofurinol na wani nau'in ciwon gaɓoɓi, da nebirafin na cutar ƙanjamau. Babu wani ƙurjin korona da aka saba gani da ke saluɓe fata da baki haka, saboda haka wanda ya ga wannan ya tafi asibiti a ranar, da kwalayen duk abin da ya sha a hannunsa. Haka nan borin jinin da ya zo da kumburin leɓe ko harshe ko sarƙewar numfashi ba a jira da shi ko awa ɗaya, ko mene ne sanadinsa.

Sanƙarau kuma ya fi kowa gaggawa. Muna zaune ne a tsakiyar yankin da yake ɓarkewa duk rani, kuma mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina ba su manta da ɓarkewarsa ta 2017 ba. Idan ƙwayar cutar ta shiga jini takan fito da ƙananan ɗigo masu duhu kamar cizon ƙuma, su faɗaɗa su zama kamar taruwar jini. Akwai gwaji mai sauƙi da kowace uwa za ta iya yi: a ɗauki kofin gilashi a danna gefensa a kan ƙurajen a leƙa ta cikinsa. Ƙurajen korona na yau da kullum da na ƙyanda da borin jini sukan dushe idan an danna su, su dawo idan an ɗaga. Ɗigon jini ba ya dushewa. A baƙar fata an fi ganin wannan a tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido da ganɗa. Zazzaɓi da ɗigon da ba ya dushewa, ko da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya da amai, ko kumburin maɗigar jariri, abu ne na sa'o'i, kuma ba a jiran ƙurajen su fito domin sau da yawa ba sa fitowa.

Bororo mai ruwa yana da masu shi uku. Na ƙarambau yana fitowa ne rukuni bayan rukuni, ta yadda a jiki ɗaya za a ga sabon ƙurji da wanda ya ɗuri ruwa da wanda ya bushe, har cikin gashin kai da baki, ga ƙaiƙayi. Na korona ƙanana ne masu kama da juna, a gangar jiki. Na ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya daga jihar Bayelsa a watan Satumban 2017, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta matsalar gaggawa a 2022 da 2024, ƙuraje ne masu tauri da zurfi, masu zafi fiye da ƙaiƙayi, da ɗan rami a tsakiyarsu, a fuska da tafin hannu ko al'aura, tare da kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi, kuma sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Mai ƙarambau yakan yi jinya a gida, amma ba a ba yaro asfirin, gara a tsaya ga farasitamol, kuma a nisanta shi da mai juna biyu da jariri. Wanda ake zargin ƙyandar biri ce a jikinsa ya kamata a gwada shi, a ware masa shimfiɗa da tawul.

Yatsun korona sun fi kowace alama suna, amma a ƙasashen sanyi aka fi ganinsu, kuma da yawa daga masu su gwaji bai nuna cutar a jikinsu ba. Sukan warke da kansu. A wurinmu kumburin yatsu yana da ma'anoni biyu da suka fi wannan kusa. Jaririn da ya wuce wata shida yana kuka, hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura suna zafi, a fara tunanin sikila a yi masa gwajin jini. Dattijo ko mai ciwon suga da ɗan yatsansa ya yi sanyi ya fara baƙi, jini ne ya daina isa wurin, kuma kowane kwana da aka ƙara a gida yana iya zama sanadin yanke ƙafa.

Akwai wani yanayi guda da korona kanta ke zama haɗari ga yaro ta hanyar da fata ke tona ta. A ƙarshen Afrilun 2020 likitocin yara a Landan suka yi shelar ganin yara da ke zuwa da kumburin sassan jiki da dama, abin da daga baya aka kira MIS-C. Yakan zo mako biyu zuwa shida bayan yaro ya ɗauki cutar, sau da yawa ba tare da an san ya ɗauka ba. Zazzaɓi ya ƙi sauka kwana uku ko fiye, idanu su yi ja ba tare da kwantsa ba, leɓɓa su bushe su tsage, harshe ya yi jawur, hannu da ƙafa su kumbura, ga ciwon ciki da amai ko gudawa, kuma zuciya ce take cikin haɗari. Ba kasafai ake samunsa ba, amma a nan za a iya yi masa kallon taifot a yi ta ɗura magani. Bambancinsa da ƙyanda shi ne ita tari da majina ne a gabanta, shi kuwa ciki ya fi damu. Idan wani a gidan ya yi mura mai ɗauke jin ƙamshi wata guda da ya wuce, a faɗa wa likita.

Ƙurajen zafi a wuya da baya lokacin bazara, da ƙazuwa mai ƙaiƙayin dare a tsakanin yatsu wadda ke bin 'yan ɗaki ɗaya, ba sa zuwa da zazzaɓi kuma ba su da alaƙa da korona. Zubewar gashi wata biyu zuwa uku bayan an warke kuwa kowane zazzaɓi mai tsanani yana jawo ta, kuma gashin yakan dawo cikin watanni.

Jinya a gida ta dace da babba ko yaron da ya tasa, wanda yake ci yana sha, numfashinsa lafiya, ƙurajensa suna dushewa idan an danna, babu gyambo a baki ko ido, kuma bai fara wani sabon magani ba a makonnin nan. Farasitamol don zazzaɓi, maganin ƙaiƙayi irin su Piriton ko setirizin, ruwan kalamin, wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, man kaɗanya, da yanke farce sun wadatar. Ya yi gwajin korona idan da hali, ya nisanci tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini, ya kuma yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, tare da sanin cewa shi wannan zazzaɓin ba ya fito da ƙuraje, don haka ko gwajin ya nuna shi, bai bayyana dalilin ƙurajen ba.

Na san abin da ke kai mutane kemis: yana bakin layi, ba kuɗin kati, ba kuɗin mota, wani lokaci har bashi ake bayarwa. Wurin sayen magungunan jinyar gida da na ambata ne, kuma a nan amfaninsa ya tsaya. Man shafawar nan mai haɗi uku da ake miƙa wa duk mai ƙurji yana ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi ya ɓoye kamannin cutar, ya sirantar da fata, ya kuma hura wutar makero. Deksametazon, wanda shi ma sitiroyid ne, ya ceci rayuka a annobar korona, amma gwajin Birtaniya na 2020 ya nuna amfaninsa ga waɗanda ke buƙatar iskar oksijin ne kawai, ba ga mai jinya a gida ba. Kafso kuwa ba ya kashe ƙwayar bairos, sai dai ya ƙara wani abin zargi idan sabbin ƙuraje suka fito.

Asibiti ya zama dole ga jariri, da mai juna biyu, da duk wanda ya nuna ɗaya daga alamun haɗarin da suka gabata, da kuma wanda numfashi ya fara yi masa wuya har ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta. A nan ma launin fata yana yaudara: leɓɓan da littafi ya ce za su yi shuɗi, a jikinmu toka-toka suke yi, kuma wani bincike da aka yi a jami'ar Michigan a 2020 ya nuna na'urar auna iska da ake maƙalawa a yatsa takan nuna adadi sama da na gaskiya a baƙar fata. Idan na'ura ta ce lafiya amma majinyaci yana haki, a bi hakin.

Kafin a fita, a ɗauki hoton ƙurajen a hasken rana, domin borin jini yakan baje kafin layi ya zo kan mutum. A tattara kwalaye da ledojin duk maganin da aka sha har da na gargajiya, a ɗauki katin rigakafin yaro, a kuma tuna ranar da zazzaɓi ya fara da ranar da ƙurajen suka fito da wurin da suka fara. Idan ana zargin ƙyanda ko ƙarambau ko ƙyandar biri, a sanar da ma'aikaciyar jinya tun daga bakin ƙofa, don a ware majinyacin kada ya zauna a benci ɗaya da jariran da aka kawo awo.